Shehu Ɗan Fodiyo a Matsayin Uba da Kaka: Tarbiyya Tsakanin Allo da Daji

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a ƙasar Hausa ya haddace shekarar 1804. An koya mana cewa a cikinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi, an jera mana sunayen masu tuta, an kuma ce daular da ya kafa ta tsaya har zuwan Turawa a 1903. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani ɓangare na Shehu da littafin makaranta ba ya tsayawa a kansa, wato Shehu maigida, mai mata da 'ya'ya da jikoki, wanda kusan dukan rayuwarsa ta ƙare a ƙauye da kan hanya da sansanin daji.

Sa'ar da muka yi ita ce mutanen gidansa marubuta ne. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta abin da ya gani da idonsa a Infaƙul Maisuri. 'Yarsa Nana Asma'u ta tsara tafiye-tafiyensa a waƙe. Mijinta, Waziri Gidado ɗan Laima, ya tattara labarin gidan a Raudul Jinani. Ƙanensa Abdullahi kuma ya bar mana Tazyinul Waraƙati. Idan aka jera waɗannan shaidu wuri ɗaya, abin da ke fitowa shi ne mutumin da ya reni iyalinsa da abu biyu a haɗe, karatun addini da zaman fili. Mu a ganinmu, wannan renon ne ya fi duk abin da ya bari daɗewa.

Gidan da ya fito

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a watan Disamba na 1754. Garin yana cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Yana yaro iyayensa suka koma Degel, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta jihar Sakkwato. Mahaifinsa Muhammadu malami ne, kuma laƙabinsa na Fodiyo da Fulatanci yana nufin malami masani. Zuriyarsu Toronkawa ce, Fulanin da suka yi suna a karatu, amma ba su yanke hulɗa da danginsu masu kiwo ba.

A wancan zamani malamai kashi biyu ne. Akwai na birni da ke raɓe da fada, suna yi wa sarki rubutu da addu'a da alƙalanci, suna cin abincinsu daga hannunsa. Akwai kuma na karkara da ke zaune a ƙananan ƙauyuka, nesa da idon sarki, suna rayuwa da gona da dabba da sana'ar hannu. Gidan Fodiyo na kashi na biyu ne. A irin wannan gida, neman ilimi tafiya ce ta ƙafa. Yaro zai sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, daga nan a tura shi wurin wani ɗan'uwa da ya ƙware a nahawu, daga can ya wuce wurin wani da ya riƙe fiƙihu ko hadisi, kowannensu a nasa ƙauyen. Haka Shehu ya yi. Ya zauna kusan shekara 2 tare da kawunsa Usmanu Binduri, wanda ya ɗauki ɗabi'ar wa'azi daga gare shi. Ya kuma bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, bakin Sahara.

A Agadas ne wani abu ya faru da ke nuna irin ɗan da Shehu ya kasance tun kafin ya zama uba. Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar hajji, almajirin nasa kuma yana begen binsa. Amma mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba, saboda haka ya juyo gida. Waƙoƙinsa cike suke da begen Madina, amma har ya koma ga Allah bai taka ƙasar Hijaz ba. Mutumin da daga baya sarakuna suka kasa tanƙwara shi, rashin izinin uba kaɗai ya mayar da shi daga bakin hamada.

Wa'azi a kan hanya, karatu a tsakar gida

Yana ɗan shekara 20, wajen 1774, ya fara wa'azi a Degel. Bai zauna yana jiran jama'a su zo ba. Shi da Abdullahi sun shiga ƙasar Kabi, sun kai Kogin Kwara har suka haye zuwa Illo, sun kuma yi kusan shekara 5 a Zamfara. Masu sauraronsa manoma ne da makiyaya da fatake, kuma da harshensu yake yi musu magana, Fulatanci ga Bafulatani, Hausa ga Bahaushe. Wanda ya yi shekaru yana yawo a wannan ƙasa dole ya san inda rijiya take, ya san wace fadama ke riƙe ruwa har bazara, ya san ƙauyen da jangali ya tashe shi. Koke-koken da ya rubuta daga baya game da harajin zalunci da ƙwacen dabbobi, a kan waɗannan hanyoyi ya ji su daga bakin masu su.

A Zamfara ne wani malamin Barno, Goni Mustafa, ya aiko masa da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya ba da amsa, kuma jigon amsar shi ne barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, don haka za a ware musu wurin zamansu amma ba za a kore su ba. A littafinsa Nurul Albabi ya sake komawa kan batun da zafi. Ya soki malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya ce irin wannan karantarwa neman suna ce kawai, domin karantar da iyali wajibi ne da ke gaban karantar da baƙo.

Malamai da yawa sun faɗi magana mai daɗi a kan tarbiyya. Abin da ya bambanta Shehu shi ne ana iya zuwa gidansa a duba. Babbar 'yarsa Khadija ta kai matsayin da ta mayar da Mukhtasar na Khalil zuwa Fulatanci, littafin fiƙihun Malikiyya da manyan almajirai ke shan wuya kafin su fahimce shi. Asma'u, wadda aka haifa wajen 1793 tare da tagwaininta Hassan, ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu suka riƙe ta, kuma karatunta bai tsaya ba. Maryam ma ta zama malama mai rubutu. A ɓangaren maza akwai Muhammadu Sambo da ya yi zurfi a sufanci, da Bello, da Abubakar Atiku, da Muhammadu Buhari.

Bello, wanda aka haifa a 1781, ya bar mana wani ɗan labari da ɗa ne kaɗai zai iya lura da shi. Ya ce ya sha ganin mahaifinsa idan zai fita wurin jama'a sai ya ɗan tsaya a gefe, ya yi wasu kalmomi a hankali, sannan ya wuce. Rannan ya tambaye shi. Shehu ya gaya masa cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana yi wa Allah alkawarin ikhlasi a abin da zai fita dominsa, yana kuma roƙon Allah ya fahimtar da masu sauraro. Bello ya ƙara da cewa idan ya isa majalisi yakan yi sallama da sakin fuska, kuma ba ya nuna gajiya ko fushi ko da mutanen da ba su san ladabin zama ba sun cika wurin da surutu da tambayoyi. Abin lura a nan shi ne yaron yana kusa har ya ga abin da uban ke yi a ɓoye, kuma yana da sakewar da zai tambaya, uban kuma ya amsa masa.

Ruwayar Sakkwato ta kuma riƙe cewa Shehu yana tufkar igiya da hannunsa, ya sayar ya ci daga guminsa, kuma tufafinsa ba su da yawa. Igiya a karkara ba ƙaramar aba ba ce. Da ita ake jan guga, da ita ake ɗaure maraƙi, da ita ake ɗaure kaya a kan jaki. Sana'a ce ta talaka, wadda ake yi a zaune a inuwa ana hira. Yaran da suka ga malaman ƙasa na durƙusa wa mahaifinsu, su ne kuma suka ga tafin hannunsa na murza igiya.

Filin idin Magami

Wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar layya. Bayan an sauko ya raba musu kyauta, ya ware wa Shehu kaso mafi tsoka, har da zinariya. Shehu ya miƙe a gaban taron ya ce shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar sarki. A madadinta ya roƙi abu 5: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince.

Mai iyali ne ya mayar da wannan zinariya. Lokacin Bello bai wuce shekara 7 ba. Da ya karɓa, babu wanda zai zarge shi, domin sauran malamai sun karɓa. Abin da ya ba shi ikon ƙi shi ne irin zaman da ya zaɓa. Wanda bukatarsa kaɗan ce, kuma abincinsa ba daga fada yake fitowa ba, bakinsa a sake yake. Da a ce gidansa na cikin Alƙalawa, babban birnin Gobir, a ƙarƙashin inuwar sarki, da wuya maganar ta fito haka.

Hijira da 'ya'ya da jikoki

Bayan Bawa al'amura sun sauya. Sarki Nafata ya yi shela cewa ban da Shehu babu mai wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Da Yunfa ya hau gado abin ya ƙara tsami, musamman bayan harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya ɗauki iyalinsa kaɗai ya fita daga Degel, ya bar sauran mutane. Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar masa ƙasarsa.

A watan Fabrairu na 1804 suka tashi zuwa Gudu, can gefen Gobir ta yamma. Shehu na gab da cika shekara 50. Asma'u ba ta wuce 11 ba. Cikin kayan da aka ɗaure har da littattafansa, kuma wani malami Buzu mai suna Agali na cikin waɗanda suka taimaka wajen kwashe kaya da raƙuma. A Gudu aka yi masa mubaya'a a gindin itacen faru. Daular da ta zo ta mallaki birane masu ganuwa irin Kano da Katsina da Zariya, a inuwar bishiya aka ƙulla ta. A cikin wannan shekara ta gudun hijira ne kuma Khadija ta haifa masa jika, Abdulƙadir, wanda duniya ta sani da ɗan Tafa.

Mun saba karanta shekarun da suka biyo baya a matsayin jerin yaƙe-yaƙe. Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, inda Abdullahi ya jagoranci jama'a suka karya rundunar Yunfa. Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda aka kashe musu mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Alwasa a 1805, inda aka sake yi musu mummunar ɓarna. Amma bayan kowace runduna akwai sansani cike da mata da yara da tsofaffi da dabbobi, kuma a nan Shehu yake, domin shi bai jagoranci runduna a fagen fama ba. Sansanin nan bai zauna wuri ɗaya ba. Daga Gudu sun koma Magabci, sun dawo wajen Alƙalawa, yunwa ta tura su Sabon Gari a Zamfara, daga can suka gangara Gwandu. Sun bar gonakinsu a Degel ba su shuka ba. Sun ga yunwa da cuta da mutuwar dabbobi. Bayan Alwasa abokan gaba sun biyo su har Gwandu, lokacin garin ba shi da ganuwa, iyalai kuma na ciki.

A cikin wannan hali karatu bai tsaya ba. A 1806 Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra, ɗaya daga manyan littattafansa, mai babi fiye da 60. Ya kuma riƙa ɗora wa 'ya'yansa nauyi gwargwadon ƙarfinsu. Bello yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai mahaifinsa ya tura shi Birnin Gada ya gana da shugabannin jama'a na ƙasashen gabas a madadinsa. Ita kuwa Asma'u, abin da ta gani a waɗannan shekaru bai bar ta ba. Bayan ta girma ta tsara shi a waƙarta ta Fulatanci, Filitago, wadda aka mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye, tana bin zangon mahaifinta ɗaya bayan ɗaya, da sunayen wurare da na mutanen da suka tsaya da shi. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ga yarinyar da aka buɗe mata shi da ƙafarta.

Bayan nasara

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. A al'adar duniya, wanda ya ci birni shi ke shiga fada. Shehu bai koma Alƙalawa ba, kuma da Bello ya fara gina Sakkwato a 1809 bai bi shi nan take ba. Sifawa ya koma, wani ƙaramin wuri kusa da Boɗinga, ya zauna yana karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba tafiyar da mulki, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Sai a 1815 ya shiga Sakkwato, shekara 2 kafin rasuwarsa.

A nan ya kamata mu faɗi abin da masu yabo kan tsallake. Jama'ar da ta taso daga bukkokin Gudu ba ta tsira daga son duniya ba. Tun a 1807 Abdullahi ya ga yadda neman mulki da dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai ya shiga zukatan mutane, ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar wucewa Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya dawo. Shehu da kansa, a zamansa na Sifawa, ya tsara waƙar gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da masu ƙwace haƙƙin talaka, wadda Asma'u ta mayar Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa. Kuma daular da ta biyo baya ta dogara ƙwarai da bayi, waɗanda aka kamo a yaƙe-yaƙe aka zuba a manyan gandaye. Waɗancan bayi su ma 'ya'yan wasu ne, jikokin wasu ne. Uban da ya iya renon gidansa bai iya renon daula gaba ɗaya ba, kuma rubuce-rubucensa na ƙarshe sun nuna ya san da haka.

Ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 1817, aka binne shi a gidansa, inda ake kira Hubbare a yau. Nan take gidan ya shiga jarrabawa. Aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi kuma da ya iso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya koma Gwandu, aka yi shekaru tsakanin baffa da ɗa babu daɗi. A gidajen sarauta da yawa irin wannan da jini yake ƙarewa. Amma da tawaye ya tsananta wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya tafi da runduna ya taimake shi. Ruwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Mutum biyun nan a tabarma ɗaya suka yi karatu, a hanya ɗaya suka sha yunwa.

Abin da 'ya'ya da jikoki suka yi da gadon

'Ya'yan Shehu 3 sun zama Sarkin Musulmi: Bello daga 1817 zuwa 1837, Atiku daga 1837 zuwa 1842, sai Ahmadu Rufa'i daga 1867 zuwa 1873. A tsakani jikokinsa ne suka riƙe, irin su Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku. Amma ba a jerin sarauta ake ganin kamanninsa sosai ba.

Bello, duk da shi ya gina Sakkwato, ya fi son zama a ribaɗinsa na Wurno, a can ya rasu, a can kabarinsa yake. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna su yi noma su sa 'ya'yansu karatu. A nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya sa kula da manoma da masu sana'a da gina kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Ya yi rubutu a kan magani, har da ciwon ido da basir da amfanin filasko. Sarki ne da bai manta ƙasa da tsirranta ba.

Asma'u kuwa, ko da yake aure ya zaunar da ita a gidan Waziri, ta samo hanyar mayar da karatu kan hanya kamar yadda mahaifinta ya yi. Ta kafa tsarin 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji ce ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata su tako da ƙafa zuwa wurinta, su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi (SAW) da zaman lafiyar gida, su koma su koyar da matan auren da ba su iya fitowa. Malfar nan hular manomi da matafiyi ce, kuma a Gobir alama ce ta Inna, shugabar bori. Asma'u ta ɗauke ta ta mayar da ita alamar malama. Da ta rasu a 1864 ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Asma'u ce kuma ta kula da ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda bai tashi ya san mahaifinsa ba, har ya zama mai mayar da waƙoƙin gidan zuwa Hausa. Abin da uba bai kai ga ba autansa ba, 'yar da ya karantar ta isar.

Shi kuma jikan nan da aka haifa a shekarar hijira, Abdulƙadir ɗan Tafa, yana ɗan shekara 13 kakansa ya rasu. Ya yi karatu wurin iyayensa da kawunsa Muhammadu Sambo, ya zauna a ƙauyen Salame yana karantarwa kamar yadda kakansa ya zauna a Degel. Ya rubuta Raudatul Afkari, wanda har yau masu binciken tarihin sarakunan Hausa ke komawa gare shi, ya kuma yi rubutu mai zurfi a falsafa da sufanci. Ta wajen Asma'u, ɗanta Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma daga wannan tsatso Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997 bayan ya adana ɗimbin takardun gidan. Da taimakonsa Jean Boyd ta tattara ayyukan Asma'u, ita da Beverly Mack suka buga su a 1997.

A watan Maris na 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Ganuwa ba ta hana komai ba, rundunar dawaki ta watse a yini ɗaya. Abin da ya tsira shi ne abin da ake iya ɗauka a ka ko a ƙirji: littafi a gafaka, waƙa a bakin tsohuwa, da ɗabi'ar zaunar da yaro a karantar da shi.

Mu da wannan gado

A yau da yawanmu a birni muke renon 'ya'ya, cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Mun damƙa karatun addini ga Islamiyya, na zamani ga makarantar kuɗi, sauran lokacin kuma ga waya. Muna fita da duhu mu dawo da duhu. Yaro zai iya kai shekara 10 bai taɓa ganin abin da mahaifinsa ke yi kafin ya fita wurin jama'a ba, balle ya tambaya, kuma bai san bambancin gero da dawa a gona ba. Sukar da Shehu ya yi wa malaman zamaninsa ta wuce kan malamai, ta hau kan duk wanda waje ya san amfaninsa amma gidansa bai sani ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Ƙasar da Shehu ya ratsa da 'ya'yansa, wato Gudu da Tangaza da Sabon Birni da dazukan Zamfara, tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a wannan zamani. A ƙauyuka da dama uba ba ya iya ɗaukar ɗansa su tafi gona hankali kwance, wasu kuma sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Roƙo na biyar da aka yi a filin idin Magami, cewa kada a ɗora wa talaka abin da ya fi ƙarfinsa, har yanzu yana jiran mai amsawa. Idan daji ya gagari mai allo da mai garma, rabin makarantar da ta fitar da Bello da Asma'u da ɗan Tafa ta rufe ke nan.

Sauran rabin kuwa yana hannunmu. Ba ya bukatar daula ko tuta. Tabarma ce a tsakar gida bayan magariba, uba ya zauna ya biya wa 'yarsa karatu kamar yadda zai biya wa ɗansa. Idan hutu ya zo kuma hanya ta yi kyau, a kai yara garin kakanni su ga rijiya da rumbu da turken dabbobi, su ji sunayen itatuwa daga bakin tsofaffi tun suna raye.

Allah ya jiƙan Shehu Usmanu da iyalansa, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka rene mu tsakanin allo da gona, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a karkararmu.